Waƙa da Mai Ita a Zamanin Turi

Gabatarwa

A watan Yunin shekarar 1999 abubuwa biyu suka faru waɗanda a zahiri babu abin da ya haɗa su. A Kano, ranar 18 ga watan, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. A ƙasar Amurka kuwa, a farkon watan, wani ɗalibin jami'a mai suna Shawn Fanning ya fito da wata manhajar kwamfuta da ya kira Napster, wadda ta ba mutum damar kwaso waƙa daga kwamfutar wani ta hanyar intanet ba tare da ya biya ko anini ba. Shata ya yi zamaninsa a lokacin da waƙa ke zaune a kan faifai ko kaset, wato abin da ake iya riƙewa a hannu, a ƙidaya, a sayar. Daga wannan shekara waƙa ta fara rabuwa da mazauninta, ta koma abin da ke yawo daga na'ura zuwa na'ura.

Manufar wannan rubutu ita ce in duba yadda wannan sauyi ya raunana manyan kamfanonin faifai, da yadda makamancinsa ya auku a ƙasar Hausa, musamman a yankinmu na yammacin Zamfara. Abin da nake son malamin gobe ya fahimta shi ne, kwafar waƙa ta karya dillali amma ba ta biya mawaƙi ba, kuma akwai wani haƙƙi na mawaƙi da ke salwanta a hannunmu wanda malamin Hausa ya fi alƙali ikon kare shi.

Shari'ar Kamfanoni da Masu Saurare

Ƙarfin manyan kamfanonin faifai ya samo asali ne daga mallakar hanyar da waƙa ke bi daga bakin mawaƙi zuwa kunnen mai saurare. Su ke da ɗakin ɗaukar murya, su ke da injin buga faifai, su ke rarraba shi a kantuna, kuma su gidajen rediyo ke jin maganarsu. Mawaƙin da bai bi ta ƙofarsu ba, muryarsa ba ta yin nisa. A ƙarshen ƙarni na 20 kamfanoni biyar ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya, wato Universal da Sony da Warner da EMI da BMG. A shekarar 1999 cinikin waƙa a Amurka kaɗai ya kai dala biliyan 14.6.

Da Napster ta bazu, sai ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wadda ake kira RIAA a taƙaice, ta kai ta ƙara a watan Disamba na 1999. Kotu ta ba kamfanonin gaskiya, Napster ta rufe a watan Yulin 2001. To amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin nan da nan wasu manhajoji irin su Kazaa da LimeWire suka maye gurbinta. Ganin haka sai kamfanonin suka juya kan masu sauraren kansu. A watan Satumba na 2003 suka shigar da ƙarar mutum 261 a tashi ɗaya, ciki har da wata yarinya 'yar shekara 12 a birnin New York, wadda aka sasanta da gidansu a kan dala 2,000. Kafin su dakatar da wannan yaƙi a ƙarshen 2008, sun tuhumi mutum wajen 35,000. Shari'ar da ta fi yin suna ita ce ta wata mata a jihar Minnesota, wadda aka ci tarar dala 222,000 a 2007 saboda waƙoƙi 24. Da aka sake shari'ar a 2009 tarar ta haura dala miliyan 1.92, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita adadin farko a 2012.

Duk da nasarorin nan na kotu, ciniki bai daina faɗuwa ba. Cikin shekara goma sha biyar ya ragu zuwa kusan rabi. Sony da BMG suka haɗe a 2004, Universal ta saye sashen faifai na EMI a 2012, kamfanoni biyar suka koma uku. Abin da ya ceto ragowar shi ne sauƙaƙa wa mutane saye: kantin iTunes da ya buɗe a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya-ɗaya, sai kuma Spotify da ya fara a 2008, inda mutum ke saurare kai tsaye ta intanet. Ta wannan hanya kuɗi suka dawo, har a 2021 cinikin Amurka ya zarce adadin 1999, ko da yake darajar dala ta ragu a tsakani. Sai dai ikon tsare ƙofa bai dawo ba. A yau yaro na iya ɗaukar waƙa a ɗakinsa, duniya ta ji shi ba tare da izinin wani kamfani ba.

Yadda Abin Ya Kasance a Ƙasarmu

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Bahaushe da rigimar Amurkawa. Amsar ita ce, mu mun riga su ganin irin wannan faɗuwa da shekara goma. Ni mutumin Sunke ne, a ƙasar Anka. Da muna yara, a ƙarshen shekarun 1970, hanyar jin manyan makaɗa ita ce Rediyon Kaduna, sai kuwa garmaho da na taɓa gani a gidan wani attajiri a Anka. Faifan garmaho kaya ne na masu hali: yana da tsada, yana fashewa, rana na lanƙwasa shi, kuma babu mai iya kwafarsa a gida. Kamfanonin Turawa da ke Legas, irin su EMI da Decca da PolyGram, su ke buga shi, kuma EMI ta fitar da faifayen mawaƙan Hausa irin su Shata da Ɗanmaraya Jos. Masu nazarin harshe za su lura da yadda Bahaushe ya ɗauki sunan faifan da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da bakace ya ba wannan baƙon abu, saboda kamar da suka yi a siffa. Sunan ya bi faifan CD daga baya.

Kaset ne ya sauya al'amura. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, amma sai wajen farkon shekarun 1980 ya cika ƙauyukanmu, a hannun alhazai da 'yan ci-rani. Yana da araha, yana jure ƙura, rikodarsa na aiki da batir, kuma duk mai rikoda mai baki biyu ya zama kamfani. Ina tuna masu kaset a kasuwar Bagega da ta Anka: ka faɗi makaɗin da kake so, ka je ka gama cefanenka, ka dawo ka tarar an ɗaukar maka. Wannan kwafi, tare da karyewar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, shi ya sa kamfanonin Turawa suka sayar da rassansu ga 'yan ƙasa suka tafi a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990. EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier.

Gurbin da suka bari dillalan kasuwa suka cike shi, a Alaba ta Legas da Ƙofar Wambai ta Kano. Lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan 1990, da waƙoƙin da ke cikinsu, dillalan Ƙofar Wambai ke yanke hukuncin abin da zai fita kasuwa da farashinsa. Su ma nasu zamanin ya wuce. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da wayoyi masu katin memori suka yi araha, sai kaset da faifan CD suka rasa masu saye. Wato dai sau biyu ke nan a cikin rayuwar mutum ɗaya muka ga mai riƙe da hanya ya faɗi, ba tare da an yi wata shari'ar a-zo-a-gani ba.

Rumfar Turi

Wanda ya gaji dillalin kaset shi ne mai turi. Duk wanda ya shiga kasuwar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya san rumfarsa: teburi, da kwamfuta ɗaya, da wayoyi rututu a caji, da lasifika tana amo. Mutum zai miƙa katin memori da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa shi da ɗaruruwan waƙoƙi da wa'azi da finafinai. Idan ya koma ƙauye, abokansa su karɓa daga wayarsa ta Bluetooth ko Xender, kyauta. Wannan hanya ba ta buƙatar intanet. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kira ya tsaya amma turi bai tsaya ba. 'Yan'uwana da ke gida sun ba ni labarin yadda waƙoƙi suka ci gaba da zagayawa daga hannu zuwa hannu a waɗannan makonni.

A nan ne za a ga iyakar shari'a. Kamfanonin Amurka sun iya bin sawun masu kwafi domin intanet na barin alama. Turin da aka yi a gindin bishiya tsakanin waya da waya ba ya barin sawu. Ko da yana bari, wa za a kai ƙara? Matashin da rumfar nan ce abincinsa, ko manomin da ya karɓi waƙa daga maƙwabcinsa?

Turi da Sata

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmomin da mutane suka zaɓa sun fi komai jan hankalina. Hukuma da gidajen rediyo na cewa satar fasaha. Jama'a kuwa na cewa turi, daga aikatau tura. A asalin ma'anarsa, abin da ka tura ya bar wurinka, kamar yadda ake tura yaro aike ko a tura kuɗi. Turin waya ya saɓa wa haka, domin ka bayar kuma kana da shi. Sata kuwa a tunanin Bahaushe ita ce ɗauke abu a ɓoye ta yadda mai shi zai neme shi ya rasa. Tun da babu wanda ya wayi gari ya ga rumbunsa ya ragu, kuma turi a bainar jama'a ake yin sa, shi ya sa kalmar sata ba ta zauna a zukatan mutane ba. A wurinsu turi ɗan'uwan kyauta ne, wanda ya hana kuwa marowaci ne.

Wannan tunani yana da tushe a tsarin kiɗan gargajiya. Makaɗin fada bai taɓa dogara ga sayar da waƙa ba. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, haka nan fadojin Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi suna da nasu makaɗa. Ladan makaɗi shi ne doki da riga da hatsi da gona, daga baya mota da kujerar Makka. Makaɗin noma yana samun damma a wurin gayya, na dambe yana samun kari a fage. Yaɗuwar waƙa riba ce gare shi, domin gwargwadon nisan da ta yi, gwargwadon nisan sunan ubangidansa da yawan masu gayyatarsa. Saboda haka da kaset ya zo, makaɗa da yawa ba su ɗauki mai kwafi a matsayin abokin gaba ba.

Doka kuwa ta ɗauki wata hanya dabam. Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin mallaka mai lamba 47 a 1988, sannan aka maye gurbinta da sabuwar doka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Bisa ga wannan doka, haƙƙin waƙa na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, na ɗaukar murya kuwa shekara 50. Ke nan waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da kariya har 2061, na Shata har 2069. A ɓangaren addini ma, majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi a kasuwa akwai tazara mai faɗi.

Riba da Asara

Adalci ne a faɗi alherin kwafi. Da yawa daga waƙoƙin da muke nazari a yau da sun ɓace in da sun tsaya a ɗakin ajiyar kamfani ko na gidan rediyo, inda zafi da ƙura da sakaci ke cinye zaren kaset. Hannun jama'a ne ya tsare su. Haka kuma mawaƙin zamani ya huta da fadanci a ƙofar dillali. Waƙar Hamisu Breaker mai suna Jaruma ta game ƙasar Hausa a 2020 ta hanyar wayoyi, ba tare da wani babban kamfani ya tsaya mata ba.

Asarar kuwa iri biyu ce. Ta farko ta kuɗi ce. A da ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ana nufin mawaƙi da dillali. Yanzu gardin ya tafi, amma kuɗin ba su koma hannun kura ba. Akwai abin da ake samu daga YouTube da Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, sai dai wannan na mawaƙin birni ne mai asusun banki da masaniyar intanet. Makaɗin ƙauye ba ya ciki, ga shi kuma rashin tsaro ya rage gayya da dambe da bukukuwan da yake ci da su a yankinmu. Idan mai saurare bai biya ba, dole mawaƙi ya nemi mai biya, kuma mai biya a yau galibi ɗan siyasa ne ko mai biki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganina wannan na daga cikin dalilan da suka sa waƙar yabo ta yi wa waƙar gargaɗi da faɗakarwa rinjaye a kunnuwanmu.

Asara ta biyu ita ce ta suna, kuma ita ta fi damuna. Faifan garmaho yana ɗauke da sunan mawaƙi da na waƙa da na kamfani. Kwalin kaset ma yana da hoto da rubutu. Waƙar da ke cikin memori ba ta da kwali, sai sunan da mai turi ya ga damar rubutawa, wani lokaci lamba ce kawai. A wata shekara ɗalibina ya kawo waƙa domin aikin nazari, an rubuta mata sunan Narambaɗa. Da muka saurara sai muka ji taushi ake kaɗawa, alhali Narambaɗa makaɗin kotso ne, kuma muryar jagoran ba tasa ba ce. Ɗalibin bai yi ƙarya ba, abin da aka tura masa ya kawo. Masu turi kan jingina kowace tsohuwar waƙar fada ga makaɗin da ya fi suna, domin sunan da aka sani shi ke jan mai saye. Ta haka manyan makaɗa ke cinye ƙanana bayan duk sun kwanta dama.

Na ga yadda abin ke taɓa talaka. Akwai wani makaɗin gangar noma a ƙasarmu wanda na sha gani a gayya ina yaro. Wani ɗan ci-rani ya taɓa ɗaukarsa a rikoda, kuma iyakar abin da ya rage na muryarsa ke nan. Shekarun baya na ji wannan ɗauka a wayar wani direba a tashar Gummi, an rubuta mata tsohon kiɗa kawai. Direban bai san mai ita ba, bai san garin da aka yi ta ba, bai san manoman da ake ambata a ciki ba. Jikokin makaɗin suna nan da rai suna noma. Ba su taɓa sa ran kwabo daga waƙar ba, amma sun cancanci a ce ta kakansu ce.

Aikin Malamin Hausa

Malami ba zai iya rufe rumfar turi ba, kuma ba aikinsa ba ne. Haƙƙin suna kuwa yana hannunsa. Dokar 2022 da kanta ta tanadi cewa mai fasaha na da haƙƙin a danganta masa aikinsa, ko da ya sayar da haƙƙin kuɗinsa. Tsarin nazarinmu ma a kan haka ya ginu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya sa sanin makaɗi da salsalar waƙa da lokacin da aka yi ta a gaban maganar turke da salo. Wanda bai san mai waƙa da wanda aka yi wa ita ba, ba zai gane habaici da zambon da ke ciki ba, kuma zai yi kuskure wajen bayanin karin harshe, ya ɗauki Zamfarci ya kira shi Gobirci.

Saboda haka ina ba ɗalibaina shawara uku. Ta farko, kada malami ya shiga aji da waƙar da bai tantance mai ita ba. Ya gwada murya da kayan kiɗa da sunayen da aka ambata, ya tambayi masana da dattawa. Ta biyu, idan ya tantance, ya gyara sunan waƙar a cikin wayarsa kafin ya tura wa wani: sunan makaɗi, da garinsu, da wanda aka yi wa, da shekara idan an sani. Hanyar da ta yaɗa kuskure ita ce za ta yaɗa gyara. Ta uku, ya riƙa ba yara aikin gida na neman tarihin makaɗan garinsu daga bakin iyalansu, a rubuta a ajiye a makaranta. Inda kuma mawaƙi yake raye yana da hanyar da ake biyansa, malami ya zama na farkon bi ta wannan hanya, ya kuma bayyana wa yara dalili.

Kammalawa

An ga a wannan rubutu cewa ƙarfin kamfanonin faifai ya rataya ne ga wahalar kwafi, kuma da kwafi ya yi sauƙi dubban ƙararraki ba su mayar musu da ikon tsare ƙofa ba. An ga kuma cewa ƙasar Hausa ta bi wannan hanya tun zamanin kaset, inda kamfanin Bature ya ba dillalin kasuwa wuri, dillali ya ba mai turi. A kowane mataki waƙa na ƙara nisa, bayanin mai ita na ƙara raguwa. Dattawan da za su iya jin tsohuwar ɗauka su ce wannan wane ne, a gonar wane aka yi ta, suna ƙarewa a Anka da Gummi da Bukkuyum. Malamin da aka tura ɗaya daga waɗannan garuruwa zai same su a zaure da kasuwa da ƙofar masallaci, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa ya kunna musu waƙar ya rubuta abin da suka faɗa.